Wa Aka Bari Ya Shiga Zaure? Tarihin Tarukan Masana Littafi Mai Tsarki

Ranar 3 ga Disamba, 1872, wani mutum ɗan shekara 32 mai suna George Smith ya miƙe a gaban taron wata ƙungiyar masu binciken kayan tarihi na Littafi Mai Tsarki a birnin Landan, ya buɗe takardunsa ya fara karatu. Bai taɓa zama a ajin jami'a ba. Sana'ar da ya koya tun yana yaro ita ce sassaƙa farantan ƙarfe da ake buga takardun kuɗi da su, kuma idan abokan aikinsa suka fita cin abincin rana, shi sai ya nufi gidan tarihi na Birtaniya, ya duƙufa a kan gutsattsarin allunan yumɓu da aka tono daga kangon Nineba, har ya koya wa kansa karanta rubutun Assuriyawa. Abin da ya kawo wa taron a ranar labari ne na ruwan Ɗufana: an umarci wani mutum ya gina jirgi, ruwa ya shafe duniya, jirgin ya tsaya a kan dutse, mai jirgin ya saki kurciya ta dawo, ya saki tsattsewa ta dawo, ya saki hankaka bai komo ba. Duk wanda ke zauren ya san labarin Nuhu a littafin Farawa, ga shi kuma yana jin makamancinsa daga jikin allon da ya yi kusan shekara 2,500 binne a ƙasa. Firaministan Ingila, William Gladstone, yana cikin masu sauraro, ya kuma tashi ya yi magana bayan an gama. Jaridar Daily Telegraph ta ba da fam 1,050 don a tura Smith Nineba ya nemo ragowar allon. Ya je a 1873, ya sake komawa sau biyu, a tafiyar ƙarshe ya rasu a garin Aleppo na ƙasar Siriya cikin 1876.

Allon nan ya yi kusan shekara ashirin a ma'ajiyar gidan tarihin kafin wannan rana, kuma ko bayan Smith ya gane abin da ke jikinsa, sanin bai wuce kan mutane ƙalilan ba. Ya zama ilimi ne ran da aka karanta shi a gaban mutanen da za su iya cewa ba haka ba ne, irin su Henry Rawlinson, wanda yana cikin waɗanda suka fara warware wannan rubutu. Masanin Littafi Mai Tsarki ba shi da ɗakin gwaje-gwaje irin na masanin sinadarai. Kayan aikinsa tsofaffin rubuce-rubuce ne cikin Ibrananci da Aramiyanci da Helenanci, marubutansu sun rasu tun dubban shekaru, babu wanda zai je ya tambaya ko ya fahimce su daidai. Gwajin da ya rage masa shi ne idon wani masani da ya karanta nassin nan ɗaya ya ga abin da shi bai gani ba. Saboda haka halartar taro a wannan fage wani ɓangare ce ta aikin kansa. Amma tarihin shekara 150 na waɗannan taruka yana nuna abin da ya fi wannan nauyi, kuma a kansa nake son in tsaya: tambayoyin da aka yi wa Littafi Mai Tsarki a kowane zamani sun bi sawun mutanen da aka bari suka shiga zauren. Duk lokacin da aka buɗe ƙofa, an ga abin da ba a taɓa lura da shi a nassi ba. Inda kuwa aka rufe ta, taron yakan zama wurin da kuskure ke samun shaidu.

Ƙungiyar da ta fi kowace girma a wannan fage a yau, wadda ake kira Society of Biblical Literature, ko SBL a taƙaice, mutum takwas ne suka aza tubalinta ranar 2 ga Janairu, 1880, a ɗakin karatun Philip Schaff a New York. Schaff haifaffen Suwizalan ne da ya yi karatu a jami'o'in Jamus, kuma a lokacin shi ke shugabancin kwamitin Amurka na sabunta fassarar Littafi Mai Tsarki cikin Turanci. Da yawa daga cikin membobin farko sun fito ne daga wannan aiki, wanda ya saba wa malamai na ɗarikoki dabam-dabam zama a tebur ɗaya suna gardama a kan nassi ba tare da an tashi baram-baram ba. Taron farko ya zo a watan Yuni na shekarar, da mutum 18. Dukansu maza ne, fararen fata, 'yan Furotesta, akasarinsu limaman ikilisiya masu koyarwa a makarantun arewa maso gabashin Amurka. Da farko sau biyu suke haɗuwa a shekara, daga baya suka mayar da shi sau ɗaya, a 'yan kwanakin da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, kuma shekaru da yawa makarantar tauhidi ta Union a New York ce ke karɓar baƙuncinsu. Tsarin zaman mai sauƙi ne, kuma shi ne har gobe: mutum ya karanta takardarsa, 'yan'uwansa su yi masa tambayoyi, abin da ya tsira daga tambayoyin a buga shi a mujallar ƙungiya.

Sai an dubi zamanin sannan a gane darajar wannan ƙaramin zama. A Jamus, Julius Wellhausen ya fitar da littafinsa a 1878, inda ya kawo hujja cewa littattafai biyar na farkon Tsohon Alkawari an harhaɗa su ne daga madogarai dabam-dabam a tsawon ƙarnuka. Duk wanda ya ɗauki irin wannan magana a ƙasashen masu jin Turanci yana iya rasa abincinsa. Crawford Toy ya ajiye aikinsa a makarantar tauhidin Baptis ta kudancin Amurka a 1879. An sauke William Robertson Smith daga kujerarsa a Aberdeen a 1881. Charles Briggs, ɗaya daga cikin mutum takwas ɗin nan, ya yi jawabi a 1891 a kan ikon Littafi Mai Tsarki, ikilisiyarsa ta gurfanar da shi, ta dakatar da shi daga hidima a 1893. A irin wannan yanayi, zauren ƙungiya yana cikin wurare ƙalilan da mai bin Wellhausen da mai adawa da shi za su zauna a benci ɗaya, a auna maganar kowa da nahawun Ibrananci da shaidar tarihi, ba tare da wani ya fita da takardar kora ba. Ba ina nufin Wellhausen ya yi daidai a komai ba; masanan da suka biyo baya sun rushe da yawa daga cikin gininsa. Amma a taruka da mujallu suka rushe shi, da hujja, abin da kotun ikilisiya ba ta iya yi ba, domin dakatar da mutum ba ya amsa tambayar da ya yi.

Wani lokaci kuma jawabi guda a taro yakan haifi abin da mai jawabin ba zai rayu ya gani ba. A 1895 shugaban ƙungiyar, Joseph Henry Thayer na jami'ar Harvard, ya roƙi 'yan'uwansa su kafa makarantar bincike a ƙasar Falasɗinu, don masu nazarin Littafi su san ƙasar da idonsu. Aka kafa kwamiti, aka tara gudummawa daga jami'o'i, makarantar ta buɗe a Urushalima a 1900, Thayer ya rasu shekara guda bayan haka. A watan Fabrairu na 1948, ana tsakiyar tashin hankali a birnin, wani ɗan zuhudu daga gidan ibadar Kiristocin Suriyawa ya shigo wannan makaranta da wasu naɗaɗɗun fatu a cikin jaka, waɗanda makiyaya suka tsinta a wani kogo kusa da Tekun Gishiri. Wani matashin masani, John Trever, ya ɗauki hotonsu ya aika wa William Albright a Amurka, shi kuma ya tabbatar da tsufansu. A cikinsu akwai cikakken littafin Ishaya wanda ya girmi kwafin Ibrananci da aka sani a lokacin da kusan shekara 1,000. Sai dai waɗannan fatu sun nuna ɗaya fuskar lamarin. Dubban gutsattsarin da aka samu a kogo na huɗu a 1952 an danƙa su ga wani ƙaramin ayari na masana, suka riƙe su kusan shekara arba'in, sauran duniya tana jira. Sai a 1991 shingen ya karye, lokacin da wasu masana biyu suka yi amfani da kwamfuta suka sake haɗa nassoshin daga wani jerin kalmomi da ayarin ya shirya wa kansa, wani ɗakin karatu a California kuma ya buɗe hotunan da ke hannunsa ga kowa. A watan Nuwamba na shekarar, taron SBL a Kansas City ya zartar da ƙuduri cewa kada a sake hana masana ganin tsohon rubutu don kawai an ba wani aikin buga shi. Shekarun da suka biyo baya sun fi arba'in ɗin farko albarka nesa ba kusa ba.

Ƙofar SBL kanta a hankali ta buɗu, kuma kowane buɗi ya bar alama a ilimin. Malaman Yahudawa sun fara shiga tun cikin shekarun 1880, har Richard Gottheil ya zama shugaba a 1903. Shigarsu ta sa ba a iya ci gaba da siffanta addinin Yahudawa na zamanin Yesu yadda aka ga dama, tun da ga mutane zaune waɗanda suka tashi da karatun Talmud a harshensa, za su ce a nuna musu shafin. 'Yan Katolika sun daɗe a waje, domin hukunce-hukuncen fadar Paparoma na farkon ƙarni na 20 sun ɗaure hannun malamansu, har suka kafa tasu ƙungiya a Amurka a 1936. Wasiƙar Paparoma Pius na 12 ta 1943 ce ta ba su damar yin nazari da hanyoyin tarihi da na harshe, babban taron Vatican na biyu ya ƙarasa aikin. A 1966 John McKenzie ya zama ɗan Katolika na farko da ya shugabanci SBL, Raymond Brown ya biyo a 1977, Joseph Fitzmyer a 1979, kuma sharhunan waɗannan biyu na ƙarshe a kan Bisharar Yohanna da ta Luka da wasiƙar Romawa suna kan kantar makarantun tauhidi na kowace ɗarika a yau. Ko masu nazarin Alƙur'ani a jami'o'in Yamma, da suka tashi kafa tasu ƙungiyar ta duniya a 2012, da taimakon SBL suka fara, suka kuma yi shekaru suna zama a gefen taronta.

Labarin mata ya fi kowanne bayyana wannan magana. An karɓi mace ta farko, Anna Ely Rhoads, a 1894, amma sai a 1987 mace ta hau kujerar shugabanci, wato Elisabeth Schüssler Fiorenza, shekara 107 bayan kafa ƙungiyar. Jawabinta ya nemi masana su ɗauki alhakin abin da fassararsu ke jawo wa mutane masu rai, su daina ɓuya a bayan da'awar cewa su tarihi kawai suke yi. Kafin wannan, a taron 1968 a Berkeley, James Muilenburg ya yi kira a dubi gwanintar marubutan Ibrananci, yadda suke gina labari da maimaici da salon magana, maimakon yanka nassi gunduwa-gunduwa ana neman asalinsa. Ɗalibarsa Phyllis Trible ta ɗauki wannan hanya ta bi da ita inda malaminta bai bi ba: a 1984 ta fitar da nazari a kan Hajara, da Tamar, da ƙwarƙwarar Balawen nan ta littafin Mahukunta, da 'yar Yefta. Labaran nan huɗu suna cikin Littafi tun fil'azal, maza masana sun yi ƙarnuka suna wuce su a gurguje, ko su tsaya a kan halin mazan da ke cikinsu. Sai da mace mai kayan aikin masani ta sami wurin tsayawa a zauren sannan aka karanta su daga ɓangaren wadda aka zalunta. Haka baƙaƙen fata na Amurka: da suka ga 'yan tsiraru ne su a babban taro, sai suka riƙa haɗuwa su kaɗai a Collegeville a ƙarshen shekarun 1980, zaman da ya haifi littafin da Cain Hope Felder ya tace a 1991, inda aka tuhumi yadda aka yi amfani da labarin Ham da wasiƙun Bulus wajen halatta bauta. Sai a 2010 ɗayansu, Vincent Wimbush, ya shugabanci ƙungiyar.

Wanda yake tsammani taruwar masana kaɗai tana haifar da gaskiya, ya dubi Jamus ta zamanin Hitler. A watan Mayu na 1939 aka buɗe wata cibiya a Eisenach, da Walter Grundmann na jami'ar Jena a matsayin jagoran bincikenta, wadda aikinta shi ne kawar da tasirin Yahudawa daga rayuwar ikilisiya. Farfesoshi ne cikinta, masu jin Helenanci da Ibrananci, suna shirya taruka, suna karanta takardu, suna buga su kamar kowace ƙungiyar masana. A 1940 suka fitar da wani Sabon Alkawari da aka tsame masa abin da ke haɗa Yesu da Yahudanci, Grundmann kuma ya rubuta littafi yana neman ya nuna Yesu ba Bayahude ba ne. Duk siffar taro tana nan, abu ɗaya ne babu: mutumin da zai miƙe ya ce ƙarya ne. An kore shi daga jami'a, ko ya gudu, ko yana hanyar sansanin mutuwa. A daidai wannan lokaci, shirin da Johannes de Zwaan na Leiden ya faro na haɗa masanan Sabon Alkawari na ƙasashe dabam-dabam ya tsaya cik, domin babban taronsu na farko da aka sa a Satumba 1939 yaƙi ya hana shi. Sai a 1947 aka yi shi a Oxford. Masanan Tsohon Alkawari suka kafa tasu ta duniya a Leiden a 1950, suka yi babban taro a Copenhagen a 1953. Mutanen da suka fito daga wannan yaƙi sun ga abin da ke faruwa idan masanan ƙasa ɗaya suka kulle kansu suna sauraron juna kawai.

Akwai masu cewa duk wannan tarihi ne, taron yau kuwa kasuwa ce. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Tun da Robert Funk ya karɓi sakatariyar SBL a 1968 ya faɗaɗa tsarinta, aka kuma fara taron haɗin gwiwa da ƙungiyar masu nazarin addinai ta Amurka a 1970, abin ya kumbura har kafin annobar korona yakan tara kusan mutum 10,000 a watan Nuwamba, da zama fiye da 1,000 cikin kwana huɗu. Akwai babban zaure na masu sayar da littattafai, akwai ɗakunan ganawa da masu neman aiki, kowa da katin sunansa rataye a wuya, ana duban sunan jami'ar mutum kafin a dubi fuskarsa. Ɗalibi yakan shekara yana shirya takarda, a ba shi minti ashirin ko ashirin da biyar, mai kula da zama ya ɗaga masa 'yar takarda cewa saura minti biyu tun bai kai ga zuciyar maganarsa ba. Duk da haka, a minti biyar na tambayoyi ne wata dattijuwa a layi na uku za ta ɗaga hannu ta ce kalmar da ya gina hujjarsa a kai ba ta cikin kwafi mafi tsufa, ko kuwa wani ya riga shi faɗin haka a Jamusanci shekara sittin da suka wuce. Mujalla takan ɗauki shekara ɗaya ko biyu kafin ta buga takarda, mutum biyu ko uku ne suke tantance ta a ɓoye. A zaure kuwa gyaran nan take ne, kuma a gaban shaidu. Manyan ayyukan da suka fi ƙarfin mutum ɗaya ma a nan ake ƙulla su. A gefen taron Berkeley na 1968 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsohuwar fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari, wadda ta fitar da sabuwar fassararta cikin Turanci a 2007.

Wasu kuma sukan ce taro dandalin yaɗa kuskure ne, su kawo misalin Roma. Ranar 18 ga Satumba, 2012, a taron duniya na masana harshen Kibɗawa da aka yi a birnin Roma, Karen King ta jami'ar Harvard ta gabatar da wani ɗan guntun takardar papirus, bai fi katin shaida girma ba, wanda a cikinsa aka sa wa Yesu magana a kan matarsa. Kafin rana ta faɗi labarin ya zagaye duniya. Amma a bi abin da ya biyo baya. A cikin taron kansa masana rubutun Kibɗawa suka fara nuna shakka a kan hannun da ya yi rubutun da kuma nahawunsa. Cikin 'yan kwanaki Francis Watson na Durham ya nuna cewa an tsinto jimlolin ne daga Bisharar Toma aka jona su, wani kuma ya gano cewa har kuskuren bugu da ke cikin wani kwafin intanet na wannan bishara ya bayyana a guntun. A 2016, bayan wani ɗan jarida ya bi diddigin mai takardar, King ta amince cewa shaidu suna nuni ga jabu. Da guntun ya zauna a akwatin wani attajiri ana raɗe-raɗinsa, da har yanzu ana jin jita-jitarsa. Fitowa da shi gaban waɗanda suka san aikin ita ta kashe shi.

Ƙorafin da ya fi cancanta a saurare shi da natsuwa shi ne na mai bi, wanda yake ganin littafin da yake karantawa a durƙushe bai kamata a shimfiɗa shi a tebur ana gardama ba. Wasu tarukan sun ba shi dalili. Ƙungiyar da Funk ya kafa a 1985 don tantance maganganun Yesu takan kaɗa ƙuri'a da duwatsun ado masu launi: ja idan ana ganin Yesu ya faɗa, ruwan hoda idan ana kyautata zato, toka-toka idan da shakka, baƙi idan an ƙi. Da suka buga sakamakonsu a 1993, kusan kashi 18 cikin 100 kawai suka amince da shi. A ganina kuskuren wannan hanya a fili yake, kuma ba sai mai bi ne zai gan shi ba: ƙuri'a tana auna ra'ayin waɗanda suka zo ne, su kuwa akasarinsu masu ra'ayi ɗaya ne tun kafin a zauna. Masana irin su Luke Timothy Johnson da N. T. Wright sun mayar musu da martani da hujjar tarihi, a littattafai da zaurukan taro. Daga ɗaya gefen ma akwai kuka: a 2010 Ronald Hendel na Berkeley ya fice daga SBL yana cewa ƙungiyoyin masu kare aƙida sun yi yawa a taron har sun raunana ma'aunin bincike. Idan aka haɗa koke-koken biyu, kowane ɓangare so yake a rage masa ɗayan, kuma duk wanda aka biya wa buƙata, abin da za a samu shi ne zaure na masu gyaɗa wa juna kai. Mai bi da ya shiga taro ba a ce ya ajiye bangaskiyarsa a bakin ƙofa ba. Abin da ake nema gare shi shi ne idan ya yi magana a kan shekara ko kalma ko marubuci, ya kawo shaidar da wanda ba ya bin addininsa zai iya dubawa. Wannan sharaɗi ya hau kan marar bi daidai wa daida.

Idan kuwa ilimin yana bin sawun waɗanda ke zauren, to babban giɓin zamaninmu a bayyane yake. Ƙididdigar cibiyar Pew ta nuna Kiristocin Afirka kudu da Sahara sun tashi daga kusan miliyan 9 a 1910 zuwa sama da miliyan 500 a 2010, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Kiristocin duniya. Masanan nahiyar ba su zauna jira ba. A Janairu 1966 suka haɗu a kwalejin Immanuel ta Ibadan suka tattauna dangantakar wahayin Littafi Mai Tsarki da aƙidun gargajiya na Afirka, aka buga takardun a 1969. Masanan Najeriya sun kafa ƙungiyarsu, NABIS, a 1985, da mujallarta. Mercy Amba Oduyoye ta tara mata masana tauhidi na Afirka a Accra a 1989. Manyan ƙungiyoyin waje ma sun leƙo: SBL ta kai taronta na ƙasa da ƙasa Cape Town a 2000, masanan Tsohon Alkawari suka zauna a Stellenbosch a 2016, a 2023 kuma Musa Dube, 'yar Botswana, ta shugabanci SBL. Abin da waɗannan masana suke kawowa ba ƙarami ba ne. Wanda ya tashi a gidan mata biyu yana karanta kishin Rahila da Lai'atu da sanin da ba a samu a ƙamus. Wanda ya ga fari da gudun hijira da rikicin gona da makiyaya ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ya raba Ibrahim da Lutu. Wannan sani ba ya maye gurbin Ibrananci da tarihi, kuma shi ma yana buƙatar a gwada shi, domin Afirka ta yau ba Kan'ana ta dā ba ce. Amma ba za a gwada shi ba sai mai shi yana cikin zauren.

Nan ne ƙofar ta fi ƙunci, ko da yake babu wanda ya rubuta dokar hani. Babban taron shekara na SBL biranen Amurka yake zagayawa, sai jefi-jefi Kanada. Malamin makarantar tauhidi a Bukuru ko Kagoro da aka karɓi takardarsa sai ya biya kuɗin zama memba da na rajista da dala, ya biya dala 185 na neman biza waɗanda ba a mayarwa ko an hana shi, ya jira ranar ganawa a Abuja ko Legas, sannan a zo maganar tikiti da masauki. Sunansa yakan fito a littafin shirye-shirye, lokacinsa ya yi, mai kula da zama ya sanar cewa bai samu zuwa ba. Ana iya cewa intanet ta warware wannan, tun da a 2020 annoba ta sa an yi taron gaba ɗaya ta kwamfuta, mutane da yawa da ba su taɓa halarta ba suka shiga daga gidajensu. Ribar gaskiya ce, bai kamata a yar da ita ba. Amma zuwa da kai ya fi aike. Gayyatar rubuta babi a littafi, da alkawarin duba wa ɗalibi kundinsa, da amanar da ke sa babban masani ya faɗa wa ƙarami gaskiya a kan aikinsa, a bakin ƙofar zaure da wurin shan shayi ake ƙulla su, wanda ke kallo ta allo kuwa da an rufe zama an rufe da shi. Tallafin tafiya da ƙungiyoyin ke bayarwa yana da amfani, sai dai har yanzu tafiyar ta fi yawa ta fuska ɗaya. Abin da zai fi tasiri shi ne farfesan Tübingen ko Yale ya zo taron Ibadan ko Jos ko Accra, ya ƙi kama hanyar filin jirgi da zarar ya gama jawabin buɗe taro, ya zauna kwana uku a benci, ya karanta takardarsa ta minti ashirin kamar kowa, wata malama daga Kagoro ko Kumasi ta ɗaga hannu ta yi masa tambayar da bai shirya mata ba.